Zoben Rayen

Ƙarfe biyun dare a Temuco, ruwa na dukan kwano.
Rayen Huenupi ta sa safar hannu, ta buɗe firji.
Cikin kwalbar da ba ta kai ɗan yatsa ba akwai zobe,
filasmid, wanda ido bai taɓa gani ba.
Ta ɗinka masa guntun saƙon sankara
kamar masaƙiya ta soka baƙin zare a farin bargo.

Ta ɗiga wa ƙwayoyin da ke kwance a faranti
cikin ɗumi irin na jikin mutum.
Lafiyarsu lau.
Ita za ta koya musu cuta.

Kakarta, mai kiwon tumaki a Cholchol,
ciwon matsarmama ya cinye ta cikin damina guda.
Ba wanda ya san sunan ɓarawon,
balle ƙofar da ya bi.

Kwana biyu.
Ta kashe fitila, ta duƙa kan madubi:
ga su nan kore shar, kamar makesu a fadama.
Sun karɓi saƙo, har sun fara hawan juna.

Ba ta yi guɗa ba.
Shayinta ya huce tuni.
Ta rubuta: faranti na sha ɗaya, ya kama.
Sai wanda ya yi renon maciji
ke sanin inda dafi yake kwana.