Lissafin Dillalin Albasa

Luba ta aiko saƙo daga wurin aikinta:
Baba, kai da Inna ku je ku ga teku,
kwana bakwai, jirgi da masauki na biya.
Abu ɗaya na bar maka, tunda kai ne mai lissafi:
ɗaki kaɗai, ko ɗaki da ci sau uku a rana?

Na shimfiɗa tabarma a tsakar gida, nan Mabera.
An ɗauke wuta tun la'asar,
bango na amayar da zafin da ya sha da rana.
Na kunna fitilar waya, na lashi bakin fensir,
yadda na saba shekara talatin
in mota ta iso da kaya daga Gada ko Wurno.

Na mai da dala naira, naira na mai da ita buhu.
Karin kumallon mutum biyu
ya haɗiye rabin buhu bai ko tauna ba.
Ni da ba na wuce koko da ƙosai huɗu,
Kulu kuwa shayi, ta gutsiri burodi
kamar tana jin tausayinsa.

Ladan maƙwabci ya leƙo, shi ya taɓa zuwa irin wurin.
Ya ce tebur ne, tsawonsa ya yi sahun Juma'a,
ka ɗiba, ka koma, ba mai kallon hannunka.
Na ce, Ladan, ciki ɗaya Allah ya ba ni.
Ko an mallaka maka gulbin Rima
moɗa guda za ka sha ka tashi.

Na buɗe hotunan da yarinyar ta turo.
Ga ƙaguwa ta ɗaga hannu kamar tana rantsuwa,
ga wata halitta mai ƙafa takwas kwance cikin romo,
ga ɗanyen ganye ba ƙuli, ba mai.
Kazar nan wa ya yanka ta, ya ambaci wa?
In na biya na kasa ci, asara biyu ke nan:
aljihu wayam, ciki na kiran ciroma.

Sai na ja layi, na rubuta dabara:
kilishi ƙunshi uku, dabino, aya,
busasshiyar fura, yaji a kwalba.
Sauran mu nema a bakin titi,
don duk garin da ke da mutane
ba ya rasa mace zaune gaban kasko.
Riba ta fito, buhu huɗu da ɗoriya.
Na karanta da ƙarfi don a yaba mini.

Kulu na bakin rariya tana kankare ƙanzo.
Ba ta ɗago ba.
Ta ce, Malam, kwana bakwai sau uku nawa ne?
Na ce ashirin da ɗaya.
Ta ce, to shekara talatin da huɗu fa?

Na soma bugawa. Ta ce bari.
Ban damu da ƙaguwarsu ba, ko ruwa zan sha.
So nake in farka sau bakwai
ba wanda ya tambaye ni me za a ɗora.
In zauna, a kawo, in ce ya yi gishiri,
in tashi in bar kwanon inda yake.

Na duba takardata sama da ƙasa.
Akwai gidan saye, akwai gidan sayarwa,
akwai na lada, har da na ruɓaɓɓe,
ban ga inda zan sa wannan ba.

Ƙarar kankara ta ci gaba a cikin duhu.
Na goge buhu huɗun da yawun yatsa,
na kira Luba, na ce ta biya na biyun.

Amma yajin nan, na ce, da shi za mu.
Kulu ta kife tukunya.
Ta ce, tun jiya na daka.