Jan Layi

A cikin gwangwanin shayi na kakata Tsahara,
ƙarƙashin allura da ƙullin kanwa,
na iske wani kati da gara ta ci wa kunne.
An rubuta sunanta yadda kunnen Bature ya ji shi,
a ƙasa kuma sunan wata mazaɓa
wadda yau ba ta kan taswirar kowa.

Ta ce bayan gulbi ya cinye tsohon gari
aka hau da su tudu,
aka yanka musu tituna miƙaƙƙu kamar zaren masaƙa,
sai wani mushe a biron kumandan
ya ɗauki jan alƙalami ya kewaye Maraɗi.
Bai taɓa shan fura a Bagalam ba,
bai san inda Mokoyo ta tsaya ba.
Wajen tsamiyar mahauta hannunsa ya goce,
layin ya ratsa gidan Barmo maƙeri,
zaure a birni, rumbu a ƙauye.
Har ya tsufa Barmo na ba da dariya,
wai shi kaɗai ke kwana ɗan birni
ya ɗebo hatsi baƙauye.

Zaɓen fari ba na kowa ba ne.
Mai lambar soja, mai takardar kanti,
da wanda lakwal ta lanƙwasa wa harshe.
Sauran gari na inuwar bedi suna miƙa wuya,
kallon kitse ake wa rogo.

Daga baya aka ce mata su zo,
amma sai uwar biyu.
Tsahara ta haifi huɗu.
Ƙyanda ta ɗauki uku a bazara guda.
Labo tafinta ya ƙirga da yatsa, bai ɗaga kai ba:
"Na ƙasa ba sa shiga lissafi,
sai in Faransa suka mutu wa."
Ta koma gida ta zuba gero a turmi,
ta yi ta daka
har maƙwabta suka leƙo.

Uwata ce ta cika mata ƙirga.
Ko arba'in ba a yi ba
ta goya ta zuwa biro, ta juya wa Labo baya:
"Ga ta biyun. Taɓa ka ji, tana numfashi."

Wanda aka zaɓa, Mijinyawa mai sikeli,
ya tafi Yamai bisa buhunan gyaɗa,
kwana uku kamyo na tari a hanya.
Magana biyu ya ƙulla a bakin riga,
rijiya da kuɗin awo.
Da ya miƙe a majalisa, in ji masu faɗi,
gwamna ya duba agogo.
Ya dawo da takalmi mai ƙara.
Rijiyar ta zo daga baya,
taku bakwai a wajen layi.

Sai shekarar giwa da raƙumi,
da aka daina aron wuta tsakanin gida da gida,
aka yi jana'iza sahu biyu.
Ba ta son wannan zance. Ta kan nemi goro.

Da aka sauke tutarsu, wani biron ya sake zane,
aka zuba mazaɓar cikin wata
kamar sauran miya a babbar tukunya.
Babu wanda ya yi mata addu'ar uku.
Akwatin ƙuri'ar ya ƙare wurin wani tela,
yana tara ƙyallaye a ciki.

Jiya na bi sawun layin da ƙafa.
An sare tsamiyar.
A zauren Barmo wani yaro na cajin salula,
bai taɓa jin sunan ba.

Na tambaye ta wa ta jefa wa.
Ta daɗe tana murza katin a tafin hannu.
"Na manta," ta ce.
"Abin da na riƙe,
gardi ya ce bayan labule mutum ɗaya ke shiga,
in sauke goyo.
Ban sauke ba.
Mu biyu muka shiga."