Sawun Wani

A kasuwar Katako na same ta,
tsakanin matattun rediyo da kawunan fanka,
'yar akwatin ƙarfe ruwan ɗorawa,
ba ta cika tafin hannuna ba.

Bizo bai san sunanta ba.
"Feda ce ta makaɗa," in ji shi. "In ka taka,
gita ta yi ruri
kamar taguwar da aka raba da ɗanta."
Jikka ashirin ya yanka.
Na taya takwas.
Ya ce albarka, ya koma kan shayinsa.

Na juya ta, na sake juyawa.
Kunnuwa uku na murɗawa, ɗaya ya ɓace,
an cusa marfin alƙalamin bik a gurbinsa.
Wurin takawa fenti ya koɗe,
ƙarfe ya fito fari tas.
Wannan ba aikin shekara guda ba ne.
Bukukuwa nawa, dare nawa,
wace ƙafa ce ta ci ƙarfe haka?

Babu wuta a layin tun hantsi,
balle a gwada.
Na saye ta a rufe, sayen kankana,
jikka goma sha uku,
kuɗin da na ce wa Rakiya na gyaran babur ne.

Da dare a Bukoki
na kwance bayanta in sa pil.
Rairayi ya zubo, ja, ba irin na bakin kogi ba.
Sai takarda, ninki huɗu,
an tokare pil da ita kada ya yi rawa.

Takardar likita ce.
Tekna, shekara huɗu.
Magani uku, rubutun kamar tafiyar tururuwa,
an ja layi biyu ƙarƙashin na ƙarshe.

Ban sani ba ko an sayo.
Ban sani ba mantuwa ce ta bar ta a nan
ko bukatarta ce ta wuce.

Na mayar da ita yadda na tarar,
pil ɗina ma rawa yake yi.
Na jona waya, na rage murya
don jaririn maƙwabta.
Na ɗora ƙafa.
Sawun ya fi nawa faɗi.

Na taka.
Tsirkiya ɗaya kawai na taɓa,
ta yi kuka mai kaushi, ta ƙi mutuwa,
har Rakiya ta ɗaga labule
da ludayi a hannu, ta ce,
"Wa ke nan?"