Tsakiyar Haske

Kyaftin Rabe ya sauko bayan magariba,
ko sannu bai ce ba.
"Zailani, fitilun allo sun yi mini gardama a kan Jibiya.
In na murɗa maballi, ko su tsone mini ido
ko su mutu murus.
Tsakiya babu."

Jirgin nan ya girme ni da shekara huɗu.
Aikinsa feshin jan-baki,
su kuwa sai rana ta faɗi suke taruwa a makwanci,
shi ya sa kullum cikin duhu yake komowa Katsina
da warin magani a fiffike.

Da safe na tuɓe takalmi, na kwanta rigingine,
kai a ƙarƙashin allo, ƙafa a kan kujera,
tocila a baki kamar mai shan rake.
Wayoyi farare, duk kamarsu ɗaya.
Wanda ya ɗaure su
ya tafi da sunayensu.

Fis lafiya lau.
Ƙwan fitila sha ɗaya, biyu sun yi baƙi,
amma biyu ba sa koya wa tara taurin kai.
Na ɗora mita, na murɗa a hankali,
allura ta kafe wuri guda
kamar jakin da ya hango rijiya.

Hanci ya riga mita ganewa.
Ƙauri.
Ɗan turansista a kan farantinsa ya soyu,
ƙafafu uku, ɗaya ta canza launi.
Akwai sabo a aljihun tebur,
aikin minti goma ne da dalma,
har na miƙa hannu.

Sai bayan hannun ya tuna
ƙotar sukudireban Malam Barau,
mai gyaran rediyo a Ƙofar Guga:
"In ka ga gawa, tambayi abin da ya kashe ta,
in ba haka ba gobe ka binne ƙanwarta."

Na koma ciki.
Waya ɗaya-ɗaya, da ɗan yatsa,
yadda makaho ke bin bango.
Azahar ta wuce ni a kife.
Jini ya taru a kai, ƙugu na ƙara,
wata kusa ta ci mini gwiwar hannu.
Yaro Ɗayyabu ya leƙo sau biyu
yana cewa shinkafa ta huce.

Can bayan agogon gudu,
inda sandar sitiyari ke shiga da fita,
na ji ta.
Saɓar da ba ta kai ƙwayar riɗi ba.
Duk sanda Kyaftin ya ja hancin jirgi sama
tagulla sai ta taɓa ƙarfe, ta saki,
ba ta daɗe har fis ya farga ba.
Wata nawa suna wannan gaisuwa a ɓoye?

Na yanke, na haɗa, na sa mata riga,
na ɗaure ta nesa da sandar.
Sannan na binne gawar.

Irin wannan aiki rana ba ta shaidarsa.
Na jira isha,
na ja ƙofar rumfa saura kaɗan,
na zauna a kujerar da ban taɓa tashi da ita ba.
Na murɗa.
Lambobi suka sauko sannu, sannu,
har suka zama garwashi ƙarƙashin toka.
A nan ne ta tsagar ƙofa
fitilun titin jirgi suka fito mini, ɗaya bayan ɗaya,
da wani tauraro can wajen Batagarawa.
Ɗazu ma suna nan.

Na rubuta a littafin jirgi, na sa hannu,
ina nesanta takardar da fuskata.
Nawa idon babu maballi.

Washegari Rabe ya shiga,
ya murɗa hagu, ya murɗa dama,
ya ce, "To."
Sai ya tambaye ni mai.