Telan Fukafukai

Shagona na nan a Nima, bakin babbar kwata,
keke ɗaya, almakashi biyu, benci mai ƙafa uku.
Ban taɓa rabuwa da ƙasa ba
sai ranar da na faɗo daga kan mangwaro,
amma da yawan masu tashi sama da tutar ƙasar nan
da zarena a ƙirjinsu suke tashi.

Shekara biyu da samun 'yanci suka fara zuwa,
ina yaron shago, maigida ya tafi Kumasi saro yadi.
Samari ne masu wuya kamar na zalɓe,
kakin da aka ba su ya fi su girma.
Na rage kafaɗa, na ɗage ƙafar wando,
na ce wa Tetteh: in za ka faɗo, faɗo da kyan gani.
Ya yi dariya har da dafa bango.
Sule biyu ya biya, sisi ya zama bashi.

Wata rana da azahar wata ta shigo,
Akweley sunanta, ta aje riga a kan tebur.
Na ce, ta maigidanki ce?
Ta ce, auna ni.
Sai da na kira Ladidi daga cikin gida ta riƙe tef.
Ran da aka ce ita ce ke ratsa saman Mamobi
mata suka bar ƙosai ya ƙone a kasko,
kowa hannu a goshi, baki a sake.

Akwai shekarun da ba na son lissafawa.
Rediyo ya wayi gari da kiɗan soja,
sidi ya rame, kanti ya bushe, allura ta yi tsada.
Jirage suka lafe a rumfa kamar kaji masu kwanci,
a cire hanjin wannan a dasa wa wancan.
Ni ma haka nake yi:
aljihun tsohuwar riga shi ne facin sabuwa.

Sai aka tura su rabon faɗan maƙwabta.
Kwana uku ban runtsa ba, ina manna alama a damtse.
Wasu sun dawo da furfura,
wasu sun dawo da shirun da ko shayi ba ya buɗewa.
Tetteh ya bar riga a sa masa maɓalli,
ga ta can a ƙusa har yau.
Ladidi ta sha ce mini in yafe sisin nan.
Na ƙi.
In na yafe, me ya rage tsakanina da shi?

Daminar da kwata ta yi fushi ta shigo har shago,
na ɗora keke a ka, ruwa iya ƙugu.
Mai saukar ungulu ya tsaya cak a kanmu,
iskarsa ta yaye kwanon Baba Issaka,
yana zagi, yana ɗaga hannu, yana godiya.

Yanzu kakinsu daga masana'anta yake zuwa,
ba mai neman tsoho da keken ƙafa.
Kafar allura ma ta daina gaishe ni.

Jiya Zuwaira, 'yar ɗana, ta dawo daga Takoradi,
ta buɗe tafina ta sa wani abu mai laushi.
Na shafa, na gane shi tun kafin ta yi magana:
fiffike biyu, dama da hagu.
Ita ta zura mini zaren.
Na soki yatsa sau biyu, ban bari ta gani ba.
Ɗinkin ya ɗan karkace ta hagu.
Ta ce, Kaka, bar shi haka,
nawa ne kuɗin aiki?

Na ce sule biyu da sisi.
Ta ce, menene sule?