Tsibirin Damina

Daga Mirriya muka taso bayan asuba,
ni da Baba Kyari da sandarsa,
da dambun zogale da Habsu ta ƙulle mana a ɗankwali.

A Damagaram ruwa baƙo ne,
amma bana baƙon ya zo da iyalansa.
Tafki ya tumbatsa, ya kewaye dutsen
da tsohon barikin ke zaune a kai,
ya mai da shi tsibiri, sai kaka ta kwance shi.

Lawali ne mai fito.
Jirginsa rabin duro, matuƙinsa farantin tuwo,
dala biyar kowane kai.
Ɗaya-ɗaya ya ƙetare da mu,
Baba ya rungume takalmansa yana salati
a ruwan da bai wuce ƙugu ba.

A sama, ƙofa ba marufi.
Jemagu sun gaji ɗakin kwamanda,
ƙadangare na gyaɗa kai a bakin igwa
wadda tsatsa ta shaƙe.
Ta kafar bango na hango Birni har Zango,
soraye, hasumiya, shanyar wata mata,
duwatsu kamar giwaye sun durƙusa shan ruwa.

Na ciro waya zan ɗau hoto.
Baba ko waiwaye bai yi ba,
matakala yake ƙirgawa.

Ya ce, "Tamanin da bakwai.
Mahaifina casa'in yake cewa.
Sau shida a yini yake hawa,
tulu biyu a sanda, sanda a kafaɗa,
don wani ya yi wanka.
Ran da aka gan shi ya kurɓa,
bayansa ne ya biya kuɗin."

Ya sake leƙa ƙasa.
"Ko dai uku sun zube,
ko ƙishirwa ce ta ƙara masa su."

Muka ci dambu a inuwar katanga.
Ya zauna daidai ƙofar kwamandan, ya miƙe ƙafa,
ya kafa kai a gora ya sha,
ya sha har maƙogwaronsa na ƙara.
Sauran ya yi alwala, bai yi tattali ba.

La'asar sakaliya hadari ya haɗo daga gabas,
Lawali na dukan duro, mu sauko.

A mota Baba ya yi barci a kafaɗata,
bakin rigarsa jiƙe, yana ɗiga a kan ƙafata.
Hoto ɗaya kawai na samu:
rabin matakala, da kan sandarsa.