Asabar ta Farko a Kakuri

Rajistar da na ɗauko tsohuwa ce,
ta zamanin da nake aiki a masaƙa.
Rabinta lissafin yadi ne da zare,
rabinta fari fat, ta daɗe a ƙasan akwati tana jira.
A nan na rubuta suna na farko:
Kuyet Didam, shekara bakwai.
Ta ce ta san haruffa shida,
daga na shidan hanya ke ɓace mata.

Yara arba'in muka yi wa shiri.
Zumuntar Mata ta yi karo-karo, aka sayo gyaɗa da shinkafa.
Baba Ishaku ya ɓalle ƙofar tsohon ɗakin ajiya,
ya shafa mata baƙin fenti sau biyu,
ya jingina ta da bangon majami'a, ya ce, ga allo.
Ramin makulli na nan a gefe,
yara suna ta leƙen juna ta ciki.

Fasto ya rubuto jawabi, shafi huɗu.
Aka ɗauke wuta kafin ya gama gaisuwa,
lasifika ta yi tari ta yi shiru.
Ya dubi takarda, ya dubi yara,
ya ninke ta, ya cusa a aljihu,
ya je ya kama jan benci.

Kafin ƙarfe tara na ƙirga saba'in da uku.
Kofuna talatin gare mu.
Rifkatu ta tsuguna a bakin bokiti,
mai sha ya miƙo, ta ɗauraye, ta miƙa wa na baya.
Kunun kuwa mun ƙara masa ruwa,
mun sake ƙarawa,
har gyaɗar ta koma labari.
Ba wanda ya yi ƙorafi. Sun lashe baki.

A gindin mangwaro nas Rahila na auna jinin iyaye.
Wata ta zo, ta ƙi miƙa hannu.
Ta ce ita lafiyarta ƙalau,
kujera ta gani.
Tun da aka binne mai gidanta a watan Maris
ba wanda ya ce mata, zauna ki huta.
Rahila ta ajiye abin awo ta zauna kusa da ita.

Can sai ga Sha'aibu mai keke-napep a bakin ƙofa,
bai kashe inji ba.
Ɗansa Mudassir na riƙe da gefen rigarsa.
Ya ce, Mama, gaskiya nake so,
me za ku koya masa a nan?
Na ce, karatu da lissafi, sai kunu in ya samu kofi.
Ya ce, shi ke nan?
Na ce, kafin azahar yana hannunka.

Ya daɗe yana kallon gicciyen da ke saman rufi.
Ni kuma ina kallon goshinsa,
don na san goshin nan.
Da ubansa muka yi aikin dare a masaƙa,
kwano ɗaya muke buɗewa in an busa hutu,
tun kafin garin nan ya koya wa kowa
gefen gadar da zai kwana.
Ban gaya masa ba.
Na dai tambayi yaron sunansa, na rubuta,
saba'in da huɗu.

Rana ta take.
Alli ya ƙare, muka koma gawayi a kan siminti.
Kuyet ta wuce na shida, ta kai na goma,
ta tashi tana gaya wa duk wanda bai tambaya ba.
Wani ya yi fitsari a wando, wata ta ɓatar da takalmi ɗaya,
aka same shi a cikin bokitin Rifkatu.

Sha biyu da rabi Sha'aibu ya dawo.
Ya ajiye baƙar leda a kan benci,
ya ɗauki ɗansa, fasinja na jira.
Sai da ƙarar injin ta yi nisa na kwance ledar.
Kofunan roba ne, dozin guda,
ko takardar farashi ba a ɓare ba.

Na share gawayin da tsintsiya,
gwiwata na min magana.
Na buɗe rajista a shafin baya,
ƙarƙashin wani tsohon lissafin atamfa,
na rubuta:
kofuna, arba'in da biyu.
Saura talatin da biyu kafin wata Asabar.